Amsar tambaya: Yaya aka yi kakar nan ta fim ɗin Minari ta ci Oscar bayan ta taɓa barin fim?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na kalli wani fim Minari saboda an ce kakar da ke ciki ta ci Oscar, sai kuma na ji wai da can fitacciyar jaruma ce a Koriya, ta bar fim ta yi aure, auren ya mutu ta dawo. Don Allah yaya aka yi ta kai nan tana da shekara 70 da wani abu? Sa'a ce kawai, ko don yanzu duniya na yayin Koriya ne? Ina tambaya ne don ni ma na taɓa fara wasan kwaikwayo na bari, yanzu ina tunanin dawowa amma ina ganin kamar lokaci ya wuce ni."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barkanmu dai. Matar da kike magana sunanta Youn Yuh-jung, kuma abin da kika ji haka yake, ta yi tashe tana budurwa, ta bari ta bi miji Amurka, ta dawo da 'ya'ya biyu ta sake farawa daga ƙasa, sannan a watan Afrilun 2021 tana da shekara 73 ta karɓi Oscar na mataimakiyar jaruma. In na fahimce ki kina so ki san me ya cike tsakanin dawowar nan da kyautar, wato sama da shekara 35, kuma ko akwai abin da ya shafe ki a ciki. Zan amsa miki a matsayina na wanda sana'arsa ke nan horar da 'yan wasa da ba da umarni, kuma mai yawan kallon fina-finan Koriya don koyo ba don nishaɗi kawai ba. Amsata tun daga farko ita ce sa'a ta taka rawa, yayin Koriya ma ya taimaka, amma abin da ya gina matar nan shi ne shekarun da babu mai son ba da labarinsu, shekarun ƙananan rol a talabijin da ta riƙa karɓa don kuɗin makarantar yara.

Tashen farko

An haife ta a 1947 a Kaesong, garin da yau yake cikin Koriya ta Arewa. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne ya koro iyalinta kudu, ta taso a Seoul, mahaifinta ya rasu tana ƙarama uwarsu ce ta yi ta fama da su. Ta shiga jami'ar Hanyang tana karantar adabin Koriya amma ba ta gama ba, domin a 1966 ta ci jarrabawar ɗaukar 'yan wasa ta gidan talabijin na TBC. Wannan tsarin sai na ɗan yi miki bayani don shi ne tushen komai. A Koriyar wancan lokaci gidajen talabijin, KBS da MBC da TBC, su suke buɗe ƙofa a zo a yi tantancewa, waɗanda suka ci a ɗauke su kamar ma'aikata, rukuni-rukuni, kowa ya san rukunin da ya shigo da shi da waɗanda suka girme shi a aiki. Za ka fara da wucewa a bayan kyamara, ko mai kawo shayi a sin, a hankali ana ƙara maka matsayi da kuɗi. Wato makaranta ce da ake biyanka kana koyo. Shi TBC ɗin ma babu shi yanzu, gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haɗe shi da KBS a 1980.

Shekarar 1971 ita ce ta ɗaga ta, ta fuska biyu. A talabijin ta fito a matsayin Jang Hui-bin a wasan MBC, in kin taɓa kallon Dong Yi to ita ce dai wannan kishiyar ta fadar sarki Sukjong wadda ƙarshenta aka ba ta guba ta sha a 1701. Ta yi muguntar har mutane suka kasa bambance ta da rol ɗin, ana zaginta a titi, wani tallan lemo da take yi ma ya suɓuce mata. Duk ɗan wasan da ya taɓa fitowa a mugu ya san wannan yabon mai ciwo.

A sinima kuma darakta Kim Ki-young ya ɗauke ta a Woman of Fire, inda ta fito 'yar ƙauye da ta zo birni aikatau a gidan wani mai tsara kiɗa da matarsa mai kiwon kaji, abu ya shiga tsakaninta da maigidan, gidan ya tarwatse. Shi Kim Ki-young mutum ne mai wani irin tunani, likitanci ya karanta, fina-finansa cike suke da matakalar bene da ɓeraye da maganin ɓera da kishi, kuma wannan fim ɗin maimaici ne na nasa The Housemaid na 1960, wanda darakta Bong Joon-ho da bakinsa ya ce ya yi tasiri a kan fim ɗinsa Parasite. Ita ta sha ba da labarin yadda yake zaunar da ita su yi ta hira alhali nazarin fuskarta yake, sai an zo ɗauka ya ce mata yi min irin dariyar da kika yi ran nan. Da fim ɗinta na farko ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Sitges na ƙasar Sifaniya da kuma Blue Dragon a gida, tana da shekara 24. A 1972 suka sake yin Insect Woman tare. Kinga ke nan ba wai tsufa ne ya kawo mata basira ba, da abarta ta fara, kuma tun lokacin ba a irin kyakkyawar yarinya mai haƙuri ake sa ta ba, muryarta a shaƙe take, kallonta da kaifi.

Aure, Amurka, dawowa

A tsakiyar shekarun 1970 ta auri mawaƙi Jo Young-nam suka tafi Amurka, suka zauna a jihar Fulorida, ta ajiye fim gaba ɗaya ta zama matar gida ta haifi maza biyu. Kusan shekara 10 ta yi a haka. Ta dawo Koriya a 1984, a 1987 auren ya ƙare, shi mijin daga baya ya sha faɗa a bainar jama'a cewa laifin nasa ne, ita kuwa ba ta cika ɗaga maganar ba, ni ma a nan zan bar ta.

Abin da ya kamata ki duba shi ne Koriyar da ta dawo ta tarar. Lokacin dokar iyali tana bin tsarin maigida ne, sunan namiji ake rubuta iyali a ƙarƙashinsa, tsarin da sai 2008 aka soke shi gaba ɗaya, kuma haƙƙin mace ta nemi a raba dukiya bayan rabuwa sai a gyaran dokar da ya fara aiki a 1991 ya shigo, ita kuwa nata ya riga ya faru. Bazawara a talabijin abin magana ne, ta ba da labarin yadda masu kallo ke buga waya gidan talabijin suna cewa a cire ta, wasu saboda mutuwar auren wasu kuma wai muryarta ba daɗi. Ta ce har ta yi tunanin komawa Fulorida ta kama aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti inda ake biyan dala 2.75 a awa, ta lissafa ta ga ba zai riƙe yara biyu ba. Shekararta 40, waɗanda suka shigo bayanta sun zama manya, ita kuma an manta da ita. Wannan ɓangaren na san ba baƙo ba ne a wajenki, mu ma a Kannywood mun saba ganin jaruma ta yi aure ta bari, in ƙaddara ta faɗa ta dawo ta tarar da baki ya fi aiki yawa.

To me ta yi? Duk abin da aka ba ta karɓa take. Rol na layi biyu, ƙanwar uwa, maƙwabciya mai surutu, ba ta ce ai ni ce ta Sitges ba. Kuma ta yi dace da ƙawa, marubuciya Kim Soo-hyun, wadda a tarihin wasannin talabijin na Koriya da wuya a samu wadda ta kai ta. Ita ta rubuta fim ɗin Mother na 1985 da Youn ta dawo da shi, ita ta sa ta a Love and Ambition na 1987, da What Is Love na 1991 wanda a ƙololuwarsa sama da kashi 60 cikin 100 na masu kallo shi suke kallo, wanda kuma da aka nuna shi a talabijin ɗin ƙasar Sin a 1997 ya zama cikin abubuwan da suka buɗe wa wasannin Koriya kasuwar waje, sai Men of the Bath House na 1995. Rubutun Kim Soo-hyun an san shi da dogayen maganganu masu gudu, kuma ba ta yarda a canza mata kalma. Youn ta ce haddacewa take ta yi ta maimaitawa har sai layin ya zauna a bakinta ko tana wani aikin.

A nan nake so ki tsaya, don nan ne mutane ke tsallakewa su tafi hoton Oscar. Wasan ƙarshen mako a Koriya yakan kai fitowa 50, na kullum-kullum yakan haura 100, kuma an daɗe ana ɗaukarsu ne ana nunawa, sikirif ya zo a makare wani lokacin shafi-shafi ranar ɗauka, abin da aka ɗauka yau a haska shi cikin satin. Tsari ne mai cin rai, su kansu 'yan Koriya suna kuka da shi, ba yabonsa nake ba. Amma ki ƙiyasta mutum ya shekara 20 a cikin wannan, kullum yana gaban kyamara, kullum da sabon layi, babu lokacin yanga babu lokacin jiran sai yanayi ya zo maka. Abin da na lura da shi a wajen horar da 'yan wasa shi ne babban abin da ke kashe wasa tsoron kyamara ne da son burge ta, sabon ɗan wasa da an ce akshan sai kafaɗarsa ta ɗaga, muryarsa ta canza, hannunsa ya rasa inda zai sa shi. Babu laccar da ke cire wannan, yawan yi ne kaɗai. Wanda ya yi dubban sin yakan kai matsayin da kyamara ta daina zama baƙuwa, sai ya samu sarari ya saurari abokin wasansa da gaske maimakon jiran layinsa ya zo. Youn ta taɓa faɗa cikin raha cewa ɗan wasa ya fi iya wasa lokacin da yake matse da neman kuɗi, mutane suka yi dariya, amma ni ina ganin bayanin sana'arta ta yi, wanda ba shi da zaɓin ƙin aiki shi ke tara awannin da mai zaɓe ba zai taɓa tarawa ba.

Wani abu kuma da ya taimake ta wanda ba ƙoƙarinta ba ne, talabijin ɗin Koriya yana da gurbin tsofaffin mata. Wasanninsu na iyali ne, gida ɗaya kaka da uwa da suruka da jikoki, kuma ana rubuta wa uwar labarinta na kanta, ba wai ta fito ta yi kuka ko ta yi faɗa ta koma ɗaki ba. Shi ya sa ba ita kaɗai ba ce, akwai Kim Hye-ja da Na Moon-hee da Go Doo-shim da Kim Young-ok, duk sun tsufa suna aiki, har a 2016 marubuciya Noh Hee-kyung ta haɗa su a Dear My Friends inda tsofaffin su ne jaruman, matasan ne 'yan rakiya. Da yawa a Koriya za su ce miki Kim Hye-ja ba ta gaza Youn da komai ba, kuma ba zan yi musu da su ba.

Komawa sinima

A 2003 darakta Im Sang-soo ya ba ta rol a A Good Lawyer's Wife, uwar miji 'yar shekara 60 da mijinta ke jinyar ajali ita kuma tana da wani a waje. Rol ne da tsofaffin jarumai ke gudu saboda mutunci, ita ta ce gyaran gida take yi tana buƙatar kuɗi ta karɓa. Fim ɗin ya shiga gasar bikin fina-finai na Venice a Italiya. Daga nan daraktocin da ke neman tsohuwar da ba ta jin kunyar fitowa a mara kirki suka san inda za su je. A 2010 Im ya sake yin The Housemaid ɗin Kim Ki-young, abin sha'awa wadda ta fara da 'yar aiki yarinya a 1971 yanzu ita ce tsohuwar mai kula da gidan masu kuɗi, ta ƙoshi da wulaƙancinsu amma tana musu ladabi, Jeon Do-yeon ce yarinyar, Lee Jung-jae na Squid Game shi ne maigidan. A ganina ta fi kowa a fim ɗin, fuskarta in ta juya wa uwar gida baya kaɗai darasi ce. Ya je bikin fina-finai na Cannes a Faransa, The Taste of Money na 2012 ma ya je. Ta yi ƙananan fina-finai da darakta Hong Sang-soo, sannan a 2016 ta yi The Bacchus Lady na E J-yong, labarin tsohuwar da talauci ya sa take sayar da kanta ga tsofaffi a lambunan shaƙatawa na Seoul, domin duk arzikin Koriya talaucin tsofaffinta yana cikin mafi muni a ƙasashe masu arziki. In don nauyin wasa ne ni wannan na fi ɗauka a kan Minari.

Ta ce da ta cika 60, yara sun gama karatu, ta yi wa kanta alkawarin daga yanzu da wanda take so za ta yi aiki ko da kuɗin kaɗan ne, wannan shi ne jin daɗin da ta zaɓa wa kanta. Ki riƙe wannan don shi ya kai ta Minari. A gefe guda kuma shirye-shiryen nishaɗi na furodusa Na Young-seok, musamman Youn's Kitchen na 2017 inda ta buɗe ɗan gidan abinci a wani tsibiri na Indonesiya tana girki da kanta, sun sa matasan Koriya suka so ta a matsayin tsohuwa mai faɗar gaskiya da ban dariya, wadda da ake buga waya a cire ta.

Shi Minari ɗin

Ƙaramin fim ne na Amurka, kuɗinsa wajen dala miliyan 2, an ɗauke shi a Oklahoma cikin zafin bazarar 2019 a ƙasa da wata guda. Darakta Lee Isaac Chung labarin yarintarsa ya rubuta, iyalin Koriya da suka koma Arkansas a shekarun 1980 uban na son yin gona. Tunda kin kalla bari mu duba abin da ta yi. Ta tambayi daraktan ko kakarsa zai so ta kwaikwaya, ya ce a'a ta yi tata, kuma kin ga abin da ta kawo, kaka mai karta da ashar da kallon kokawa a talabijin, ba ta iya gasa biskit ba, har jikan yana cewa ita ba kakar gaske ba ce. Wurin da ta tauna ɗan 'ya'yan itacen nan ta miƙa wa yaron daga bakinta, ita ta kawo shawarar, daga abin da ta gani a zamanta na Amurka. Kinga shekarun da ake cewa ta ɓata a Fulorida su ma sun shigo aikin, ta san yadda baƙo ke ji a ƙasar, ta san Ingilishin da ake fama da shi.

Abin da nake nuna wa ɗalibaina a fim ɗin shi ne rabin farko ba ta neman tausayin kowa. Da yawan 'yan wasa in sun san rol ɗinsu zai ƙare da ciwo sai su fara tausaya wa kansu tun sin na farko, suna tafiya a hankali suna magana da rauni, mai kallo ya gane inda aka dosa. Ita kuwa wasa take da dariya da tsokana, shi ya sa da shanyewar ɓarin jiki ta same ta abin ya doki mutum, don an san wadda aka rasa. Bayan ciwon kuma kusan babu magana, jiki ne kawai, hannu ɗaya da ya ƙi biyayya, ido da ke son taimakawa. Ki sake kallon daren gobarar ki kashe sauti, ki bi tafiyarta kawai. Ina yawan sa 'yan wasa wannan aikin na kashe sauti, don a nan ake gane wanda ke wasa da dukkan jikinsa da wanda baki kawai yake motsawa.

Yanzu batun sa'a da yayi. E, akwai su, ƙarya ne a ce babu. Parasite ya ci babbar kyautar Oscar a Fabrairun 2020, shekara guda kafin nata, kuma an yi ta surutu cewa ko ɗan wasa ɗaya daga cikinsa ba a sa a takara ba. Masu zaɓen Oscar ɗin ma an faɗaɗa su da mutanen ƙasashen waje tun bayan ƙorafin 2015 da 2016 na cewa fararen fata kaɗai ake zaɓa. Shekarar korona ce, manyan fina-finai da yawa an ɗage su, ƙanana suka samu fili. Minari ya ci manyan kyaututtuka biyu a bikin fina-finai na Sundance a Amurka, kamfanin Brad Pitt ne ya shirya shi, kamfanin A24 suka raba shi, waɗanda sun iya kamfen, don Oscar sai da kamfen. Sannan ita kanta ta iya magana, da ta ci BAFTA, babbar kyautar fina-finai ta Ingila, ta gode wa Turawan Ingila tana tsokanarsu da cewa mutane ne masu ji da kai amma sun yarda da ita, aka yi ta yaɗawa ana dariya ana saura sati biyu Oscar. A daren ma da kanta ta ce ita ba ta yarda da gasa ba, ta yaya za a ce ta fi Glenn Close, fitacciyar jarumar Amurka da suke takara tare, ta ɗan fi su sa'a ne kawai, ta gode wa 'ya'yanta biyu da suka sa ta fita neman kuɗi, ta kuma ambaci Kim Ki-young wanda ya rasu tun 1998. Ita da Glenn Close shekararsu ɗaya, ita Close sau 8 ana sa ta a takara ba ta taɓa ci ba, to kinga in iyawa kaɗai ce ke ba da kyautar ai da tuni ta samu.

Ita ce 'yar wasan Koriya ta farko da ta ci Oscar, mace ta biyu daga Asiya a wannan rukunin bayan Miyoshi Umeki 'yar Japan a 1958. Amma kada ki ɗauka daga nan duniya ta fara ganin matan Koriya, Kang Soo-yeon ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a Venice tun 1987, Jeon Do-yeon ta ci Cannes a 2007, Kim Min-hee ta ci Berlin a 2017. Yayin ya buɗe ƙofa ne kawai, kuma ƙofar kowa aka buɗe wa, wadda ta shiga ita ce wadda aka iya kai wa sikirif na fim mara kuɗi ta karanta ta ce zan yi, ta je ta yi shi cikin 'yan kwanaki ba tare da ɓata wa kowa lokaci ba.

Ke kuma fa

Ba zan ce miki ki dawo za ki zama Youn ba, zai zama yaudara. Ita ta dawo cikin masana'antar da ke da gidajen talabijin masu biyan kuɗi a kan tsari, da marubutan da ke rubuta wa mace 'yar 50 labari, da ƙawa mai ƙarfin faɗa a ji. A wajenmu rol ɗin uwa yawanci yini ɗaya ne a lokeshan, sin uku, kuɗin kuma kin san yadda yake, ko da yake fina-finai masu dogon zango sun ɗan canza abin don yanzu ana buƙatar iyaye da kakanni da za su daɗe a labari. Kuma ni ban taɓa aiki a Koriya ba, ta allo nake ganinsu ta hanyar fassarar da ke ƙasa, rabin gwanintar matar nan a murya take da yadda take karya magana, wanda ɗan Koriya ke ji ni sai dai in hango. Ban kuma ga wasanki ba, ban san yanayin gidanku da abin da iyali za su ce ba, wannan ke za ki auna.

Abin da zan iya faɗa daga abin da na gani a lokeshan shi ne masu dawowa iri biyu ne. Akwai wadda ke dawowa da tsohon matsayinta a ka, in ba ita ce jaruma ba ba ta yi, tana so a yi mata kwalliyar 'yar 20, irin wannan takan yi fim ɗaya biyu a daina kiranta, ba don ba ta iya ba sai don wurin da take nema an riga an cike shi. Akwai kuma wadda ke karɓar sin ukun nan ta zo da haddarta, ta tambayi darakta matar nan da zan fito me take so, me take ɓoyewa, ta kawo wani ɗan abu nata, yadda za ta ɗaura ɗankwali ko yadda za ta ƙi kallon surukarta. Wallahi irin wannan marubuci da kansa yake ƙara mata sin a zango na gaba, na ga hakan ya faru ba sau ɗaya ba. Shekaru a wannan sana'ar suna rufe miki rol ɗin budurwa, amma na uwa da gwaggo da kishiya da hajiyar kasuwa masu iya su da gaske ba su da yawa, kullum muna nema. In za ki gwada, fara da wasan rediyo ko na dandamali ko ƙaramin rol a mai dogon zango don jikinki ya tuna, kuma kada ki saki abin da ke ciyar da ke yanzu sai kin ga kiran ya fara yawa.

In kina son ƙara kallonta, fara da Dear My Friends, sai Canola na 2016 inda ta fito kaka mai nutso a teku a tsibirin Jeju, sai Pachinko na Apple TV+ da ya fara a 2022, labarin 'yan Koriya mazauna Japan, ita ce Sunja a tsufanta. Waɗannan biyun na farko za ki iya kallo da iyali. Na Im Sang-soo da The Bacchus Lady kuwa akwai wuraren da ba su dace da yara ba, wasu ma ke kanki sai kin tura gaba, don haka ki san da wannan kafin ki kunna a falo.